Karyewar murya da gajiyar murya ga mawaƙa

Karyewar murya, wadda wasu ke kira sarƙewar murya, ita ce sauyin da sautin mawaƙi yake yi ba zato ba tsammani yana tsakiyar rera waƙa: muryar ta zille sama ta koma siririya, ko ta faɗo ƙasa, ko ta ɗauke na ɗan ƙanƙanin lokaci. Gajiyar murya kuwa ita ce wahalar da ke samun maƙogwaro idan an yi aiki da shi fiye da kima, ko ta hanyar da ba ta dace ba, har murya ta dushe, ta yi nauyi, ko ta kasa kaiwa inda ta saba kaiwa.

Ana yawan ɗaukar su a matsayin abu ɗaya, amma likitocin maƙogwaro da malaman koyar da waƙa suna bambanta su. Karyewar da ta faru sau ɗaya ko jefi-jefi yawanci kuskuren daidaituwa ne tsakanin tsokokin maƙogwaro da numfashi, kuma ba ta nuna akwai rauni. Gajiyar murya ita ce take taruwa a hankali, kuma idan aka ci gaba da waƙa a kanta tana iya haifar da kumburi, ko zubar jini, ko tabon da ba ya warkewa. Inda suka haɗu shi ne, muryar da ta gaji ta fi saurin karyewa. Don haka idan mawaƙi ya ga muryarsa ta fara karyewa a wuraren da a da yake wuce su cikin sauƙi, sau da yawa wannan ce alamar farko ta cewa maƙogwaronsa yana neman hutu ko ganin likita. Matsalar ba ta tsaya ga mawaƙa kaɗai ba, tana shafar malaman makaranta, da masu wa'azi, da ladanai, da makaranta Alƙur'ani, da ma'aikatan rediyo, da duk wanda muryarsa ce jarinsa.

Yadda murya take samuwa

Murya tana buƙatar abubuwa uku: iska daga huhu, da abin da zai kaɗa, da sararin da zai gyara sautin. Abin da ke kaɗawa shi ne tantanin murya, wanda aka fi sani da igiyoyin murya. Wasu naɗe-naɗen tsoka ne guda biyu da ke kwance a cikin maƙogwaro, a bayan guringuntsin da ake kira zakaran wuya. A gaba suna haɗe, a baya kuma suna buɗewa da rufewa. Idan mutum yana numfashi suna buɗe, idan zai yi magana ko waƙa sai su matso su haɗu, iskar da ke tahowa daga huhu ta ture su su buɗe, su sake rufewa, haka nan a kai a kai cikin sauri. Wannan buɗewa da rufewa ita ce take yanka iskar ta zama sauti, sannan maƙoshi da baki da hanci su ba sautin kamanninsa.

Tantanin murya ƙanana ne ƙwarai. Na babban namiji tsawonsu yana tsakanin milimita 17 zuwa 25, na mace kuma tsakanin milimita 12.5 zuwa 17.5. A maganar yau da kullum, na namiji suna kaɗawa kimanin sau 100 zuwa 130 a sakan ɗaya, na mace kuma kusan sau 200 ko fiye. A waƙa adadin yana ƙaruwa sosai. Sautin da makaɗan Turai suke daidaita kayan kiɗansu da shi yana buƙatar kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, kuma mace mai siririyar murya a waƙar ofera tana iya wuce sau 1,000. Kowace kaɗawa karo ce tsakanin tantanin biyu. Mawaƙin da ya yi awa biyu yana rerawa ya haɗa su karo sau dubbai ɗaruruwa, kuma gwargwadon ƙarfin muryar gwargwadon ƙarfin karon.

Kowane tantani yana da tsoka a ciki da kuma lallausan rufi a waje. A ƙarƙashin fatar rufin akwai wani sashe mai laushi kamar kitsen da ya narke, wanda shi ne yake ba tantanin damar yin lilo kamar igiyar ruwa. Kyawun murya ya dogara ne sosai ga laushin wannan sashe. Idan ya kumbura, ko ya bushe, ko ya yi tabo ya ƙandare, sai sautin ya dushe ko da tsokar lafiyarta lau.

Dalilin karyewar murya

Tsokoki iri biyu ne suka fi sarrafa hawa da saukar murya. Ɗaya tana cikin tantanin kansa, idan ta ɗaure sai tantanin ya gajarta ya yi kauri, sautin ya fito kakkaura mai nauyi. Wannan shi ake kira muryar ƙirji, domin mai rerawa yana jin amonta a ƙirjinsa. Ɗayar tana gaban maƙogwaro, idan ta ɗaure sai ta karkatar da guringuntsin ta miƙar da tantanin ya yi tsawo da sirantaka, kamar yadda ake ɗaure tsirkiyar garaya don sautinta ya hau. Wannan ita ce muryar kai, ko falseto ga maza.

Idan mawaƙi yana hawa daga ƙasa zuwa sama, dole tsoka ta farko ta riƙa saki sannu a hankali yayin da ta biyu take karɓar aikin. Wurin da ake wannan musaya shi ne mahaɗar murya, wadda malaman waƙa na Italiya suke kira passaggio, wato mashigi. Ga yawancin mutane, maza da mata, babbar mahaɗar tana wajen sautin da ke kaɗawa sau 300 zuwa 350 a sakan ɗaya. Idan mawaƙi ya riƙe muryar ƙirji da ƙarfi ya tura ta sama har ta kai iyakarta, tsokar sai ta saki gaba ɗaya a lokaci guda, tantanin ya sauya yadda yake kaɗawa nan take, sautin ya yi tsalle. Wannan tsallen shi ne karyewar murya. Shi ya sa ta fi faruwa ga masu koyo, kuma ta fi faruwa a wuri ɗaya a kowane lokaci.

Akwai wasu abubuwan da ke sa murya ta karye ko da ga gwani:

- Ƙarewar numfashi a ƙarshen dogon baiti, ko kuma tura iska fiye da yadda tantanin zai iya riƙewa.
- Tsoro da fargabar tsayawa gaban jama'a, waɗanda ke busar da baki, su gajarta numfashi, su ɗaure tsokokin wuya da muƙamuƙi.
- Kaki ko majina da ta zauna a kan tantanin ta hana shi kaɗawa daidai.
- Fara waƙa mai hawa ba tare da an motsa murya ba, musamman da sassafe.
- Rera waƙar da aka tsara wa muryar wani, wadda ta fi ƙarfin muryar mai rerawa.
- Kumburin tantani sakamakon mura ko gajiya.

Ba kowace karyewa ce aibi ba. Wasu al'adun sun mayar da ita ado. Salon yodel na makiyayan tsaunukan Alps a Suwizalan da Ostiriya an gina shi ne gaba ɗaya a kan tsallake mahaɗa da gangan, daga ƙirji zuwa kai a dawo. Mutanen Baka da Aka na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya suna da irin wannan salo a waƙoƙinsu, haka ma mawaƙan gargajiya na Iran suna da adon da suke kira tahrir. A Amurka, Jimmie Rodgers ya shahara da shi a ƙarshen shekarun 1920. Idan an yi ta da sani kuma ba tare da matsi ba, irin wannan karyewa ba ta cutar da maƙogwaro.

Fashewar murya lokacin balaga

Karyewar da aka fi sani ita ce ta yara maza masu shiga balaga, wadda ake kira fashewar murya. Sinadarin namiji da ke ƙaruwa a jiki a wannan lokaci yana sa maƙogwaro ya girma, zakaran wuya ya fito, tantanin murya ya ƙara tsawo da kauri. Muryar yaro tana sauka har yawan kaɗawarta ya koma kusan rabin yadda yake a da. Saboda girman yana zuwa da sauri, ƙwaƙwalwa da tsokoki ba su saba da sabon tantanin ba tukuna, sai muryar ta riƙa tsalle tsakanin ta yara da ta manya. Wannan yakan fara ne tsakanin shekara 12 zuwa 15, kuma yakan lafa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu. Muryar 'yan mata ma tana sauka, sai dai kaɗan, kuma takan yi ɗan huci na wani lokaci.

A Turai, inda ake da ƙungiyoyin yara maza masu waƙa a majami'u, fashewar murya tana nufin ƙarshen aikin yaro. Mawallafin kiɗa Joseph Haydn ya rasa gurbinsa a ƙungiyar waƙa ta babbar majami'ar Saint Stephen da ke Viyana wajen shekarar 1749, yana ɗan kimanin shekara 17, bayan da muryarsa ta daina kaiwa sama. A da malamai da yawa sukan hana yaro waƙa gaba ɗaya har sai muryarsa ta zauna. A yau an fi karkata ga barinsa ya ci gaba da rerawa a hankali, a iyakar inda muryar take kaiwa ba tare da tilas ba.

Gajiyar murya

Gajiyar murya tana zuwa ne daga haɗuwar abu uku: tsawon lokacin da aka yi ana amfani da murya, da ƙarfin da aka sa, da kuma hawan sautin. Yawan karo yana sa ruwa ya taru a lallausan sashen tantani, ya kumbura. Tantanin da ya kumbura yana buƙatar ƙarin matsin iska kafin ya fara kaɗawa, don haka mawaƙi sai ya ƙara ƙarfi ba tare da ya lura ba, ya jawo tsokokin wuya da harshe cikin aikin da ba nasu ba. Ƙarin ƙarfin yana ƙara karon, karon yana ƙara kumburin. Ta haka ne ƙaramar dushewar dare ɗaya take zama matsalar watanni.

Hayaniya tana da hannu babba. Mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ba ya jin kansa, abin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a shekarar 1911. Mawaƙin da ke tsaye tsakanin ganguna da manyan lasifikoki, kuma ba shi da na'urar da ke dawo masa da muryarsa, yakan yi ihu yana zaton waƙa yake yi. Likitoci sun kuma lura cewa sau da yawa ɓarnar ba a kan dandamali kaɗai take faruwa ba. Hira da ƙarfi a cikin mota, da gaisawa da masoya bayan wasa, da doguwar magana a waya duk suna shiga lissafin.

Sauran abubuwan da ke ƙara wa maƙogwaro wahala sun haɗa da bushewar jiki da bushewar iska, da ƙura, da hayaƙin taba ko shisha, da giya, da rashin barci, da yawan tari ko gyaran murya da ƙarfi. Ƙwannafi ma yana ciki, domin ruwan tsami na ciki yana iya haurowa har maƙogwaro, musamman ga mai cin abinci mai nauyi da tsakar dare bayan wasa sannan ya kwanta. Wasu magunguna suna taimaka wa matsalar: na mura da ƙaiƙayi masu busar da majina suna busar da tantani, asfirin da danginsa kuma suna ƙara haɗarin zubar jini ga wanda ke rerawa da ƙarfi. Wasu matan suna ganin muryarsu ta ɗan yi nauyi gab da zuwan al'ada. Tsufa kuma yana sirantar da tsokar tantani, sai murya ta yi rauni ko rawa.

Alamomin da aka fi lura da su su ne:

- Dushewa ko huci a cikin murya.
- Rasa sautuka na sama, musamman kasa rera su a hankali da taushi.
- Jinkiri kafin sauti ya fito, iska ta riga shi.
- Sabuwar karyewa a inda ba a saba ba.
- Buƙatar dogon lokaci kafin murya ta buɗe, da saurin gajiya bayan ta buɗe.
- Jin ɗauri ko ciwo a wuya, ko jin kamar wani abu ya tsaya a maƙoshi.

Rauni a tantanin murya sau da yawa ba ya zuwa da zafi. Saboda haka rashin jin ciwo ba hujja ba ce ta cewa lafiya ƙalau ake.

Raunukan da ke biyo baya

Kantar murya, wadda likitoci ke kira nodul, ita ce aka fi alaƙantawa da mawaƙa. Wasu 'yan ƙullutai ne da ke fitowa a tantanin biyu, suna fuskantar juna, a daidai tsakiyar sashen da ke kaɗawa inda karo ya fi tsanani. Kamar kantar da ke fitowa a hannun manomi suke: da farko suna da laushi, idan aka ci gaba da gogawa sai su taurare. Suna hana tantanin rufewa sosai, iska ta riƙa zurarewa. Sun fi yawa ga mata manya da kuma yara masu yawan ihu. Ba ciwon daji ba ne, kuma yawancinsu suna raguwa ko su ɓace idan an sauya yadda ake amfani da murya.

Zubar jini a tantani tana faruwa ne idan ƙaramar jijiyar jini ta fashe. Tana iya faruwa daga ihu ɗaya ko sauti ɗaya mai tsanani, kuma alamarta ita ce murya ta sauya farat ɗaya. Likitoci suna ɗaukar ta da gaggawa, suna umartar mai ita ya yi shiru gaba ɗaya na kwanaki, domin rerawa a kanta tana iya barin tabo.

Folif wani ƙari ne mai laushi kamar bororo, yawanci a tantani ɗaya, kuma sau da yawa yana biyo bayan zubar jini. Akwai kuma ƙullutu mai ruwa da ke zama a cikin tantanin, wanda ba kasafai yake tafiya ba sai da tiyata. A can bayan maƙogwaro kuma wani tsiro yakan fito inda guringuntsi biyu suke bugun juna, wanda ake dangantawa da ƙwannafi da yawan gyaran murya. Masu shan taba na shekaru suna iya samun kumburin da ke cika tantanin da ruwa har murya ta yi kauri sosai.

Mafi wuyar magani shi ne tabo. Idan lallausan sashen nan ya ƙandare, tantanin ba ya sake yin lilo kamar da, kuma har yanzu babu hanyar da take mayar da shi yadda yake tun asali. Akwai kuma dushewar da ba ta da wani rauni da ake gani, sai dai tsokokin da ke kewaye da maƙogwaro sun saba ɗaurewa fiye da kima. Wannan horo ne maganinta.

Bincike da magani

Ba a iya gane abin da ke damun tantanin murya ta hanyar saurare kawai, sai an gan shi. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana duba shi da siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci ko ta baki. Ga mawaƙa an fi so a haɗa da fitila mai walƙiya da ke bin saurin kaɗawar, wadda take sa a ga motsin tantanin kamar an rage masa gudu, har a gane inda ya ƙandare. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a shekarar 2018, ta ba da shawarar a duba maƙogwaron duk wanda dushewar muryarsa ba ta warware ba cikin mako huɗu, kuma a gaggauta hakan ga masu sana'a da murya da masu shan taba. Ta kuma yi gargaɗi kan bayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta don dushewar murya barkatai. Dushewar da ta zo da tarin jini, ko wahalar haɗiya, ko wahalar numfashi, ko ƙullutu a wuya, tana buƙatar asibiti nan take, domin ciwon dajin maƙogwaro ma yakan fara da dushewa.

Matakin farko na magani shi ne rage wa murya aiki da kuma horo a hannun ƙwararren mai gyaran magana da murya. Ana koyar da yadda za a fitar da sauti ba tare da matsi ba. Cikin atisayen da aka fi amfani da su akwai kaɗa leɓɓa, da gunji baki a rufe, da rerawa ta cikin siririn bututun shan lemo, wanda masanin murya Ingo Titze ya yi fice wajen bayyana amfaninsa. Tsuke mafitar iska yana mayar da ɗan matsi baya, ya rage ƙarfin karon tantanin. Irin waɗannan atisaye suna kuma taimakawa wajen santsar da mahaɗa, don haka su ne maganin karyewar da ba ta rauni ba.

Wani lokaci likita yakan ba mawaƙi maganin rage kumburi mai ƙarfi don ya iya cika alkawarin wasa. Wannan yana da haɗari idan ba a duba maƙogwaron ba tukuna, domin yana ɓoye alamar ne alhali raunin yana nan. Tiyata ana yin ta ne idan horo da hutu sun gaza, ko ga folif da ƙullutu mai ruwa. Ana yin ta ta cikin baki, da madubin ƙara girma da ƙananan kayan aiki ko hasken leza, kuma babban burin likita shi ne ya cire abin da ya tsiro ba tare da ya taɓa lallausan sashen da ke kewaye ba. Bayan tiyata akan yi kwanaki ba magana, sannan makonni na komawa waƙa sannu a hankali.

Fitattun mawaƙan da abin ya shafa

Julie Andrews, 'yar Ingila da ta shahara da fim ɗin The Sound of Music, an yi mata tiyatar maƙogwaro a New York a shekarar 1997, bayan dogon lokacin da ta yi tana wasan Victor/Victoria a dandamali. Ta fito daga tiyatar da tabon da ya raba ta da muryar waƙarta. Ta shigar da ƙara a 1999, aka sasanta a shekarar 2000. Labarinta ya sa mawaƙa da yawa suka ji tsoron wuƙar likita.

Adele ta soke wasanninta na Amurka a watan Oktoba na 2011 saboda zubar jini a tantanin murya. A watan Nuwamba likita Steven Zeitels ya yi mata tiyata a Boston ya cire folif. Ta dawo ta rera waƙa a bikin kyaututtukan Grammy na Fabrairun 2012, inda ta lashe kyauta shida. A 2017 ta sake soke wasanni biyu na ƙarshe na zagayenta a filin Wembley da ke Landan saboda muryarta ta sake samun rauni, abin da ya nuna cewa tiyata tana cire tsiro ne kawai, nauyin aikin da ya haifar da shi yana nan. Likitan nan dai shi ne ya yi wa Sam Smith tiyata a 2015. Elton John kuwa an yi masa tasa a Ostireliya a watan Janairun 1987, bayan haka muryarsa ta ƙara kauri, ya ci gaba da waƙa da ita shekaru masu yawa.

Rigakafi

Malaman waƙa suna ba da shawarar a motsa murya na 'yan mintuna kafin wasa, a fara daga tsakiya a hankali kafin a hau. Ana so mawaƙi ya sauke waƙa zuwa inda muryarsa take zaune maimakon ya bi ta inda ba zai kai ba, ya bar makirufo ya ɗauki nauyin ƙarfi, ya tabbatar yana jin kansa, ya kuma sa ranakun hutu tsakanin manyan wasanni. Idan murya ta dushe saboda mura, ba a so a rera da ƙarfi a kanta. Raɗa da ƙarfi ba hutu ba ne, gara magana kaɗan cikin taushi.

Shan ruwa yana taimakawa, amma ta hanyar jini, bayan wani lokaci. Abin da aka haɗiya ba ya bi ta kan tantanin murya, domin maƙogwaro yana rufewa lokacin haɗiya don kada a ƙware. Don haka zuma, da shayin citta da kanumfari, da alewar maƙogwaro suna sanyaya maƙoshi ne su sa a ji daɗi, amma ba sa warkar da kanta ko zubar jini. Masu sa maƙoshi ya yi sanyi ko ya mutu suna iya yaudarar mawaƙi ya ci gaba da rerawa alhali ya kamata ya tsaya. Tururin ruwan zafi da aka shaƙa shi ne yake isa kan tantanin.

A ƙasar Hausa, lokacin hunturu yana haɗa busasshiyar iska da ƙura da mura, kuma yana dacewa da lokacin da bukukuwa suke yawaita bayan kaka, inda mawaƙi zai iya kwana yana wasa a fili. A watan azumi kuma alarammomi da limaman tarawihi da tahajjud suna doguwar karatu da ɗaga murya a kwanakin da ba a shan ruwa da rana, don haka ruwan da aka sha tsakanin buɗe baki da sahur yana da muhimmanci gare su. Tsarin waƙar gargajiya mai 'yan amshi, irin na Mamman Shata, yana ba jagora ɗan sararin numfasawa duk lokacin da aka karɓa masa, saɓanin mai rerawa shi kaɗai kamar yadda Ɗanmaraya Jos ya riƙa yi da kuntiginsa.

Tarihin binciken murya

A shekarar 1741 masanin jikin ɗan'adam na Faransa Antoine Ferrein ya kwatanta tantanin murya da tsirkiyar goge, kuma daga gare shi sunan igiyoyin murya ya samo asali. A 1837 mawaƙin ofera Gilbert Duprez ya ba mutanen Faris mamaki da ya kai wani sauti na can sama da cikakkiyar muryar ƙirji, a inda magabatansa suke komawa siririyar murya. Salon ya bazu, ya kuma ƙara wa mawaƙa maza nauyi a daidai mahaɗar muryarsu. A 1854 malamin waƙa ɗan Sifaniya Manuel García ya yi amfani da ƙaramin madubin likitan haƙori da hasken rana ya ga nasa tantanin yana motsi, ya gabatar da abin da ya gani ga ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1855. A 1958 Janwillem van den Berg na ƙasar Holan ya tabbatar da bayanin cewa iska da laushin tsoka ne suke kaɗa tantanin, a 1974 kuma likitan Japan Minoru Hirano ya bayyana rabuwarsa zuwa tsoka da rufi, bayanin da tiyatar murya ta zamani ta ginu a kansa. Ana bikin Ranar Murya ta Duniya kowace 16 ga Afrilu, wadda ta samo asali daga ƙasar Brazil a shekarar 1999.